Sifiri a Layin Zaitun

A hawa na uku na ofishin ƙididdigar abinci, teburin Auta ne ke jikin tagar da ba ta rufuwa sosai. Wata biyu ta yi tana cika jadawali guda na littafin da ofishin zai buga: kowane amfanin gona na ƙasar, da yawan furotin, wato sinadarin gina jiki, da yake bai wa mutum ɗaya a rana. Wake ya cika ido, alkama ta yi gaba abinta. Da ta iso kan zaitun, lissafi ya ba ta giram 0.03.

Dokar ofishin ita ce lamba ɗaya tak bayan ɗigo. Ta daɗe tana kallon kwamfuta kafin ta tashi ta je wurin Oga, tana murza bakin mayafinta.

"Ranka ya daɗe, ko za a bar wa zaitun lamba biyu?"

Oga ya sauke tabarau. "Surukinki ne zaitun ɗin?" 'Yan ofis suka bushe da dariya. "In na ba shi biyu yau, gobe albasa ma za ta kawo ƙara. Bi doka, 'yar nan."

Ta koma ta rubuta 0.0. Ba ta iya buɗe baki ta ce masa itatuwan zaitun arba'in na mahaifinta ne suka kai ta jami'a ba.

A gida kuwa, shekara uku ke nan Yaya yana son a sare itatuwan a shuka wake. Sun tsufa, bana su yi 'ya'ya, baɗi su huta, ga bakuna goma sha ɗaya a gidan. Baba, tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya musu mai tsawo. Sai ya ce, a gaban maƙwabta, yana ɗaga kai: "Ku bari littafin Auta ya fito. Ita ta yi karatu. Abin da ta rubuta shi za a bi."

Littafin ya fito, malamin gona ya kai wa Yaya kwafi.

Ranar Asabar da hantsi ta same su a tsakar gida. Baba na kan tabarma, kwanon zaitun a gabansa, yana tsince masu tsutsa da hannunsa mai lafiya. Yaya ya ajiye littafin a buɗe kusa da kwanon.

"Ga malamarka nan ta zo, Baba. Ta karanta maka da bakinta, kada a ce na ƙara gishiri."

Baba bai iya karatu ba, amma ya shekara hamsin yana tsayawa gaban sikeli. Ya bi layin da yatsa har ƙarshe, ya tsaya.

"Wannan ai na san shi. Shi sikeli ke nunawa in ba a ɗora komai ba."

"Ba haka ba ne, Baba," in ji Auta. "Akwai kaɗan, dokar rubutun ce ta haɗiye shi. Kuma man ba a nan ake lissafa shi ba, yana wani shafin. Amfanin zaitun a mai yake."

"Mai ba ya tsayar da yaro da ƙafarsa," in ji Yaya. "Dubi na wake. Ni ban je jami'a ba, amma na san babba da ƙarami."

A hanya ta shirya magana mai yawa. Yanzu duk ta watse.

"Ke kika rubuta?" in ji Baba.

"Ni ce."

"Kin yi ƙarya a ciki?"

Da ta ce e, da ya yarda, ta sani. Ta dubi ƙasa.

"A'a, Baba."

"To, Allah ya yi miki albarka." Ya juya ga Yaya. "Magana zarar bunu ce. Kira masu zarto."

Ya ci gaba da tsintarsa, amma Auta ta lura masu kyau yake jefarwa tare da masu tsutsa.

Litinin ba ta koma aiki ba. Da masu zarto suka iso da safe, Baba ya ce a kai shi ɗakin baya, wai rana ta dame shi, alhali hadari ne a sama. Ita ta tallabe shi. Bai fi nauyin buhun da aka ci rabinsa ba. Ta rufe ƙofa da taga, amma ƙarar injin ta biyo su ta rufi.

Bishiya ɗaya ta faɗi. Ta biyu ta faɗi. Idon Baba a rufe, har ta zaci barci yake yi. Can ƙarar ta matsa wajen rijiya, ta yi ta shaƙewa tana tashi.

"Sun zo kan babbar," in ji shi. "Je ki ce wa yayanki cikinta rami ne, su faro ta gabas. In ba haka ba a kan katanga za ta faɗo."

Ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta kan sakata.

"Yi sauri mana, Auta. Akwai yara a bayan katangar."