Kakar wasan da Marlow ta yi ta shan kashi

Shekarar da ƙungiyar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka ta Kwalejin Marlow ta yi ta shan kashi, ba wanda ya ɗora laifin a kan 'yan wasa. Samari ne ƙarfafa, su ne ma suka ɗauko kofin yankinsu na kudancin Mississippi bara waccan. Amma a kakar nan, da Koci Odell Rucker ya ba da alamar a jefa ƙwallo, sai ka ga abokan karawa sun ja baya suna jira. In ya ce a ruga da ita, sun riga sun toshe hanya.

Odell ya sa aka kewaye filin atisaye da tamfol. Ya kori mai gyaɗa daga bakin shinge. Ya sauya alamomin hannu, ya sake sauyawa, ranar Asabar kuma aka lallasa su. Daga nan idonsa ya koma kan mataimakinsa Lemuel, ƙanin matarsa, don an ce an gan shi yana cin soyayyen kifi a Tillman, garin manyan abokan hamayyarsu.

"Me ya kai ka can?" in ji Odell.

"Haba Yaya, yarinyar da nake nema ai 'yar garin ce."

"Ita ce ke tambayarka alamominmu?"

Lemuel ya cire usur daga wuyansa, ya ajiye a kan tebur ya fita.

A gida matarsa Earline ta tare shi. "Odell, ƙanina ne fa. A gidan nan ya girma."

"Shi ya sa ya san komai," ya ce.

Bayan tafiyar Lemuel suka ci wasa ɗaya, Odell ya yi ta yawo a gari yana ɗaga kai. Sauran wasannin duk aka cinye su, ƙarshen kaka kwalejin ta sallame shi.

An yi shekaru, sai ya haɗu da Hosea Pettway, tsohon kocin Tillman, a wajen wata jana'iza. Hosea ya dafa kafaɗarsa yana dariya.

"Kai tsoho, har yau kana gaba da yaron nan? Ba wanda ya sayar da kai. In za a jefa ƙwallo, hularka kake turawa ƙeya. Har makaɗanmu na bakin fili sun gane."

Odell ya yi yaƙe kawai. A mota Earline ta ce, "To, yanzu sai ka kira Lemuel."

Suka wuce gada.

"Tun ina saurayi nake tura hular nan, ba wanda ya lura," in ji Odell. "Wa ya fara nuna musu?"

Earline ta juya fuskarta wajen taga. Odell bai kira Lemuel ba. Da Kirsimeti Lemuel ya zo da matarsa da 'ya'yansu. Odell ya ba shi hannu, ya koma can ƙarshen tebur ya zauna, yana ci yana satar kallonsa.