Yarinyar Gidanmu

Mannir ya gyara zaman hularsa, sannan ya ƙwanƙwasa ƙofar ofishin Malam Siddiq. Daga ciki aka ce ya shigo, da Turanci.

Dokar ofishin ke nan. Malam Siddiq, matashin da ke koyar da Turancin karatun jami'a, haifaffen cikin ganuwar Katsina ne, amma ya hana a yi Hausa a gabansa. A cewarsa ita ke kayar da ɗalibansa. Ba a taɓa jin ya yi magana a kan ɗakin darasin da ake cusa ɗaruruwan ɗalibai ba, inda na baya ba sa samun komai sai motsin bakinsa, domin lasifikar ta mutu tun zamanin soja. Farar hula sun hau mulki, an liƙa hotunansu har jikin ƙofar ajin, lasifika kuwa tana nan a mace, kowa ya saba.

Mannir malamin lissafi ne a wata firamare a Batagarawa. An turo irinsu karatun digirin da jami'a ke gudanarwa a kwalejin garin, da sharaɗin wanda ya kasa ya bar aiki. Ya ci kowane darasi sai wannan. Sau biyu yana faɗuwa, na uku kora ce. Ranar jarrabawar ta uku kuma bai zo ba.

"Me ya hana ka zuwa?" Malam Siddiq ya tambaya, idonsa a kan takardun da yake dubawa.

Tun daga gida Mannir ke harhaɗa jimlar a kan babur. Ya fito da ita a hankali, kalma bayan kalma. Ya ce wata yarinyar gidansu ce ta rasu da safen ranar, a asibiti.

"Wata yarinya," in ji Malam Siddiq. "Kowane zango sai an kashe mini kakanni da maƙwabta. Ka san ƙa'ida. Ba a sake wa ɗalibi jarrabawa sai in uwa, ko uba, ko mata, ko ɗan cikinsa ne ya rasu. Yarinyar mece ce a wurinka?"

Mannir ya sunkuyar da kai.

Yarinyar, Ummusalma, ɗiyarsa ce ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Tun ranar suna bakinsa bai taɓa furta sunan ba. Bai taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba. In zai kira ta sai ya ce "ke", in wani ya tambaya ya ce ɗiyar yayansa Sabi'u ce. Haka ya taso ya ga ana yi. Ko a zaman makoki Sabi'u ake miƙa wa hannu, shi yana can gefen tabarma yana zuba wa baƙi ruwa. Ita ma ta san wasan. In ta kawo masa abinci sai ta ajiye ta ce, "Ga na Malam," ta juya tana dariya.

"Malam," ya ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "kai ma ɗan gari ne. Ka san yadda abin nan yake."

"Da Turanci."

"Don Allah, Malam."

"Akwai mutane a waje suna jira, Malam Mannir. Ko ka amsa mini, ko ka ba su wuri."

Mannir ya tuna yaran da yake koyarwa, da ƙannen yarinyar, da uwarsu da ta kasa cin abinci har yau. Ya nemi maganar a Hausa, ta ƙi fitowa. A Turanci kuwa sai ya ji ba ta da nauyi, kamar wani ne zai faɗe ta.

"She is my daughter," ya ce.

Karon farko ke nan a rayuwarsa da ya ce ɗiyarsa ce.

"Was," in ji Malam Siddiq, tun kafin ya yi tunani, kamar yadda yake yi wa kowa a aji. "Wanda ya mutu ba a ce masa is. Ya wuce."

Sai da maganar ta fita ya ɗago kai. Ya ga mutumin da ya girme shi nesa ba kusa ba yana tsaye, hannuwansa a baya kamar ɗan firamare.

"She was my daughter," Mannir ya gyara.

Malam Siddiq ya ajiye jan biron da ke hannunsa.

"Allah ya jiƙanta," ya ce da Hausa. "Allah ya sa mai ceto ce. Ya ba ku haƙuri."

"Amin. Na gode."

"Ka zo ran Litinin da safe, ka rubuta. Kuma ka... ka yi haƙuri, Malam."

"Ba komai. Ai gyara ne."

A waje wani ɗan ajinsu, Almu, ya tare shi. "Yaya, Baturen ya yarda?"

Mannir ya ɗaga kai alamar e, ya wuce inda ya jingine babur ɗinsa a gindin itacen bedi. Bai tayar da shi ba. Ya kama shi ya dinga turawa har bakin titi, yana maimaita jimlar a hankali, da gyaran da aka yi masa, don kada ya sake kuskure ran Litinin.