Ƙwan da Baba Mai-kaji Ya Zubar

Duk layin, wadda kazarta ta ƙi kwanci wurin Baba Mai-kaji take kai ƙwai. Yana da injin ƙyanƙyasa a wani ɗan ɗaki a bayan gida, ya toshe tagar da kwali don ko da rana tsaka a sami duhu. In ƙwai ya kwana bakwai a injin, sai ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya yana kafa masa tocila. Wanda jijiyoyin jini suka bazu a cikinsa, ya mayar. Wanda haske ya ratsa fayau, ko ɓawonsa ya tsage, ya jefa a bokiti.

Bana abin ya ƙi. Mace ta kawo ƙwai cike da kwano, ta koma da 'yan tsaki a tafin hannu. In an yi ƙorafi, sai Baba ya ce, "Zakarun yanzu ne, sai cara, ba aiki."

Wata ranar Asabar da hantsi Auta, ƙaramar 'yarsa, ta zo daga gidan mijinta duba shi. Ta tarar yana haska ƙwai, ta karɓi faranti ta riƙe masa. A ɗakin nan ta girma, ta san aikin. Baba ya ɗaga wani ƙwai, ya juya shi a kan tocila, ya nufi bokiti da shi.

"Baba, tsaya! Wannan ai da rai, ga shi yana motsi."

"Ke za ki koya mini?" Ya sake shi.

Ƙwan ya fashe. Auta ta karɓi tocilar ta haska cikin bokitin. Ga jini a jikin gwaiduwa, ga ɗan abu da baƙin ido, zuciyarsa tana harbawa. Ta duba sauran da ya zubar. Yawancinsu haka suke.

"Me kika gani?" in ji Baba. Ya sunkuya, amma gefen bokitin yake kallo.

Ta ajiye tocilar. "Baba, tun yaushe?"

"An jima. Kamar hayaƙi nake gani. Na ce batir ne, na canza. Na ce tocilar ce, na sayo sabuwa." Ya lalubi kujera ya zauna. "Ashe duk 'ya'yan mutane nake ta zubarwa."

Ta kai shi asibiti, tana fatan yanar ido ce kawai, a kankare. Likita ya ce jijiyar idon ce ta lalace, abin da ya tafi ya tafi. Ya rubuta maganin ɗigawa don a riƙe ɗan abin da ya saura.

Baba bai yarda Auta ta yi masa magana da maƙwabta ba. Shi da kansa ya bi gida-gida, yana dafa bango, ya gaya wa kowace mace abin da ya faru da ƙwanta. Matar tela ta ce ba komai, har ta yi hawaye. Matar mahauci ko ƙofa ba ta gama buɗewa ba.

Bayan an ɗan kwana biyu, Auta da mijinta suka zo da mota suka kwashe shi. A bene suke haya, kuma mai gidan ya hana kiwo. Baba yana wuni a baranda da rediyo a cinya. In Auta ta tambaye shi jiki, sai ya ce da sauƙi, ya ƙara muryar rediyon.