Tazara Biyu Bayan Aya

Manaja ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya bi ta da jan biro yana zagaye kowace aya.

"Baba Tafireta, ƙirga mini. Bayan wannan ayar, tazara nawa ka gani?"

Baba ya gyara tabarau, ya duƙa kamar mai neman allura. "Biyu, ranka ya daɗe."

"Nan fa?"

"Nan ma biyu. Ko wane ne ya buga, ya samu tarbiyya."

Takardar ƙorafi ce da aka aika hedikwata babu sa hannu, cewa manaja yana kwasar masu shara zuwa wankin gidansa kowace Asabar. A ofishin kaf kuwa, mutum ɗaya ne babban yatsansa ke dukan maɓallin tazara sau biyu bayan aya. Haka aka koya masa a kan tafireta shekara talatin da suka wuce, da rula a bayan hannu. Kwamfuta ta zo, gashin kansa ya tafi, yatsan dai bai sauya ba.

"Saura wata takwas ka yi ritaya, ko?" in ji manaja. "Ƙarfe biyu kwamiti zai zauna. Wannan tazarar ita ce shaidata. Ka faɗa mini waɗanda suka sa ka, ko ka tafi gida hannu wofi."

"Ranka ya daɗe, ni aya kawai na sani. Idan magana ta ƙare, a bar ta ta huta."

Ya koma kujerarsa ya zauna. Sabuwar akawu, wadda kullum take yi masa tsiya wai takardunsa kamar bakin mai giɓi, ta leƙo.

"Baba, ba na nuna maka yadda ake goge su duka da dannawa ɗaya ba?"

"Kin nuna mini, 'yata."

"To me ya hana ka?"

"Masu sharar sun ji tsoron sa hannu. Na ga bai kamata takarda ta fita ba uba ba."

Ta juya, ta wuce tebur-tebur tana raɗa.

Ƙarfe biyu saura kwata masinja ya kai wa manaja takardun ranar: rahoton sito, jadawalin direbobi, takardar neman hutun akawu, da sauransu. Ba a jima ba ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Manaja ya fito da su a hannu, duk ya zagaye tazarar bayan ayoyinsu da jan biro.

"Wa ya buga waɗannan?"

Hannaye bakwai suka tashi.

"Yallaɓai, mun ga ya fi daɗin karantawa ne," in ji akawu.

Baba ya karɓi tata takardar, ya ɗaga ta wajen taga, ya girgiza kai.

"'Yata, nan uku kika sa. Ban da wuce gona da iri."