Ankon Jarirai

Shekarar da kuɗin fetur suka fara zuba kamar ruwan Agusta, gwamnati ta tuna cewa matan kasuwa ma suna haihuwa. Aka ce za a riƙa biyan masu raino su kula da 'ya'yan talakawa kyauta. A Fagge aikin ya faɗa hannun Inna Silifat, Bayarabiya mai faɗin baya, wadda Allah bai ba haihuwa ba amma rabin unguwar a bayanta suka yi wayo.

Jami'ar da ke duba masu raino, Malama Gumsu, ta kafa mata sharaɗi tun ranar farko: uwa ɗaya ta kai ƙara, an kwashe yaran an kai wani gida. Wannan magana ta zauna wa Inna Silifat a ƙirji, don ɗakin nan idan babu kukan yaro ba ta san me za ta yi da kanta ba.

Da ta ji Malama Gumsu za ta zo da mai hoto, sai jinin garinsu Ogbomosho ya motsa. A wajensu taro ba anko ai zaman makoki ne. Ta je Kantin Kwari ta yanko atamfa mai ruwan goro, aka ɗinka wa kowane jariri riga da hula mai rufe kunne. Ranar ta yi musu wanka, ta rangaɗa musu kwalli, ta bulbula musu farar hoda har suka koma kamar an tsamo su daga buhun fulawa. Malama Gumsu ta yaba, mai hoto ya ɗauka, Inna Silifat ta kusa tashi sama don daɗi.

Bayan la'asar hadari ya taso daga gabas. Iyaye suka shigo a guje, kowace ta suri nata ta cilla a baya ta ɗaure. Shi kuwa goyo, da an ɗaure shi ba a ganin fuskarsa.

Ruwa na ɗaukewa sai ga Kafayat, mai sayar da atamfa a Bata, ta faɗo ɗakin da jariri a baya, ɗankwali a hannu. Duk da haka sai da ta durƙusa ta gaida Inna Silifat yadda aka koya mata, sannan ta miƙe ta buɗe murya.

"Inna, namiji na kawo miki da safe! Na kwance nafkin na ga mace! Ina Moshood ɗina?"

Kafin Inna Silifat ta haɗiye yawu, Biriskila, 'yar Zonkwa mai sayar da doya a kasuwar Sabon Gari, ta shigo jiƙe sharkaf, tana riƙe da jariri nesa da jikinta kamar tukunya mai zafi.

"Mama, wannan ba Julie ba ce. Na wanke hodar na ga tsaga a kumatu. Mijina ya tambaye ni ko akwai maganar da ban gaya masa ba!"

Aka yi musaya nan take, kowace na shinshinar nata tana jujjuya shi. Kafayat ta rantse gobe da sassafe tana ofishin Malama Gumsu, Biriskila ta ce ita za ta biya musu kuɗin tasi. Inna Silifat ta zauna a bakin tabarma. Tsoro ya kama ta sosai, ta dubi 'yan kwanonin koko da ta jera a kusurwa, ta ji hawaye na zuwa.

"Ku yafe ni," ta ce. "Bari in dama musu wani abu, na san yunwa suke ji."

"Shi dai ya ƙoshi," in ji Biriskila. "Da muka fake a wata rumfa na lulluɓe shi da zane na ba shi nono. Ni ma na yi mamakin yadda Julie ta koyi zuƙa haka."

Kafayat ta dafe ƙirji. "Kin shayar da shi? Ni ma na ba taki, ina cikin ciniki, a ƙarƙashin gyale." Ta zauna daɓas. "Shi ke nan. A addininmu sun zama wa da ƙanwa. Ba aure tsakaninsu har abada."

"Da ma wa ya ce zan ba ku ita?"

Dariya ta ƙwace wa Kafayat, ta kama Biriskila, har jariran suka firgita suka sa kuka tare. Inna Silifat ba ta yi dariya ba, jira take ta ji maganar ofis. Ba wadda ta sake tayar da ita, suka goya suka fita.

Washegari ta share ɗakin ta zauna tana kallon ƙofa, tana leƙawa duk sanda ta ji ƙarar mota. Can sai ga Kafayat da Biriskila sun shigo tare, Moshood cikin shuɗi, Julie cikin ja, ba hoda ko ɗigo. Kafayat ta durƙusa ta ɗora mata su a cinya.

"Ba a raba wa da ƙanwa, Inna. Tunda ke kika haɗa su, ai ke ce kakarsu."

Ba wanda ya taɓa kiranta da wannan suna. Ta ja haɓar zanenta za ta share ido, Moshood ya riga ya kama ya sa a baki.