Inabin Faranti na Ƙarshe

A gonar gwajin inabi da muke aiki ni da Baba, Bebiya suke kirana. Ba don ba na ji ba, magana ce ba ta fito mini a cikin mutane. Tun da na gama sakandare Baba ya samo mini gurbi a wurin, aikina wanke faranti da riƙe masa jakunkunan takarda in furanni sun fito.

Shi aikinsa haɗa aure ne, haka yake cewa. Kafin furen inabi ya buɗe da kansa, sai ya sa matsefata ya cire masa hula, ya tsince zarurrukan da ke ɗauke da garin namiji, ya rufe da jaka. In furen ya shirya, ya kawo garin wani inabin daban a ɗan buroshi ya shafa, ya sake rufewa. Ƙwallayen da suka fito a shuka su, a jira shekaru kafin a ga 'ya'yansu. Yawancinsu banza ne. Wadda ta faɗi a ɗanɗano, a ɗaura mata jan ƙyalle, a sare.

Akwai shuka guda a ƙarshen layi, kusa da tankin ruwa, da Baba ke shayarwa da ragowar ruwan gorarsa. Shi ya haɗa iyayenta tun ina aji ɗaya, uwar mai zaƙi, uban ɗan daji da fumfuna ba ta kama shi. Bana ta fara haihuwa. A gida bai da hira sai tata, har Inna ta ce ya kai mata katifa can.

Jiya aka yi ɗanɗano a ɗakin da muke cin abinci. Manaja da kanta take tsinkowa ta zuba a faranti ba suna, don kowa nasa yake so ya yi nasara. Ni nakan tsaya ne a bakin famfo. Sai Dogo, mai feshin magani, ya hango ni.

“Manaja, a sa Bebiya mana. Harshenta sabo ne fil, ba a taɓa amfani da shi ba.”

Aka yi dariya, Manaja ta nuna mini kujera. Na zauna ina gyaɗa kai ga wanda ya yi, ina girgiza wa wanda bai yi ba. Farantin ƙarshe ƙanana ne baƙaƙe, masu kaurin fata. Na tauna ɗaya, tsami ya riƙe mini muƙamuƙi, ido ya kawo ruwa. Kowa ya zuba mini ido yana jira. Ban san daga ina ta fito ba, na ji bakina ya ce:

“Wanda ya haɗa auren iyayen wannan, Allah ya yafe masa.”

Dogo ya kifa kai a tebur. Direba ya ƙware har sai da aka buga masa baya. Ita ma Manaja ta rufe baki da hannu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, wani ɗumi ya taso mini tun daga ciki. Shekara da shekaru ban taɓa ba mutum biyu dariya a lokaci ɗaya ba.

Sai na duba Baba. Yana dariya shi ma, amma hannunsa na kan farantin, yana juya guda ɗaya da ɗan yatsa a hankali, yadda yake taɓa fure. Ai ya san 'yarsa ko ba suna.

Manaja ta juya farantin ta duba ƙasansa, dariyarta ta tsaya. “Ta bakin tanki ce,” ta ce, ba ta kalli kowa ba.

Na bi ta har bakin mota. Na ce ganyen ta bakin tankin fes yake, na kusa da ita duk sun yi fari da fumfuna. Ta ce ta gani, amma tana da irinta da yawa masu tsabtar ganye, wasu ma sun fi ta zaƙi, ga fili ya cika. “Ba maganarki ce ta sare ta ba,” ta ce. “Bakin kowa ya ji abin da naki ya ji.” Amma ni na ga da dariya aka ɗaga hannun ƙuri'ar sare ta.

Baba da kansa ya karɓi jan ƙyallen daga hannun Dogo ya ɗaura. Da aka tashi, na koma da almakashi na yanko reshe biyu, na naɗe a tsumman faranti mai laima, na cusa a jakata.

Muna shiga gida Baba ya ajiye takalma ya ce, “Inna, yau Auta ta yi magana a gaban mutane.” Ya ba ta labarin duka, har da kwaikwayon muryata da yadda Direba ya ƙware. Inna ta yi dariya har tana share ido.

“To na waye inabin?” ta ce.

“Na wani tsoho ne,” ya ce, ya ja buta ya fita.

Da ya yi mini faɗa ya fi mini sauƙi. Na kasa cin abinci.

Yau da safe ina bayan ɗaki ina tona ƙasa a tsohon bokiti sai na ga inuwarsa. Na rasa inda zan sa rassan. Ya tsuguna, ya karɓi ɗaya, ya juya shi.

“Kin kifa shi. Idon da zai tsiro, sama yake kallo.”

“Baba, ni...”

“Tsami gare ta, Auta. Ni ma sai da na tofar a ɓoye.” Ya danna ƙasa da babban yatsa. “In ta kama, sai mu nema mata miji mai zaƙi. Amma ke za ki riƙe matsefata, tunda kin iya kushe auren wasu.”

Ban ɗago ba. Na miƙa masa na biyun, wannan karon idon na sama.