Kaset ɗin Baffa Muntaka

"Ɗauko min kaset ɗin nan na Turawa," in ji Baffa Muntaka daga kan gadon jinyarsa. Ina riƙe da kofin kunun da ya ƙi sha, sai matarsa, Inna Zinariya, ta yi min alama da ido.

Katanga ɗaya ta raba mu a unguwar Takur, nan Dutse, don haka na san kaset ɗin sarai. Lokacin da yake direban masu haƙa rijiyar burtsatse a Buji, wani Bature ɗan ƙasar Suwidin ya ba shi. Wai Baturen da abokansa uku suka yi kiɗan, irin wanda suke kira rok, kuma ko a garinsu ba su samu masu saye ba. Waƙa ɗaya sai ta ci minti ashirin, jita na kuka, ganga na tafiya tana tsayawa, can sai sarewa ta shigo. Ni dai ban taɓa gane kanta ba. Shi kuwa cewa yake sarewar nan tana mayar da shi bayan shanun mahaifinsa da damina, ciyawa har gwiwa. Da aka ƙaddamar da shari'a ya daina kunnawa a zaure, ya jefa a akwati.

Inna ta ja ni tsakar gida. Ashe bara, da za ta aika wa 'yarsu Murja saƙo Jidda, ta rasa kaset, ta toshe ramukan wannan da takarda ta ɗauki muryarta a kai. Inna kuwa akwai zance, ta cinye gaba da baya. Kafin ta kai, alhajin da zai tafi da shi ya tashi. Shekara guda tana ɓoye da abin. Wallahi raina ya ɓaci, har na ce mata duk kaset ɗin Dutse ta rasa sai wannan? Sai kuma ta ba ni tausayi. Mutum yana bakin tafiya, abu ɗaya ya roƙa.

Na ce a kunna haka nan, muka koma ɗaki.

Muryar Inna ta fito: gaisuwa, wa ya yi aure, wa ya rasu, akuyar da ta haifi biyu, da "Baffanki na nan ƙalau, ga shi can yana faɗa da kaji." Ya lumshe ido. Sai can ƙarshe sarewar ta shigo, siririya, ba ta fi numfashi biyar ba kaset ya tsaya.

Inna ta durƙusa tana neman gafara.

"Adawiyya, mayar da shi baya," ya ce da ni.

Na ɗan taɓa kaɗan don in kamo sarewar.

"A'a. Can inda take magana."

Sau uku muka ji labarin akuyar nan, yana murmushi. Kafin la'asar ya cika da kalmar shahada a bakinsa. Da mata suka fara shigowa, Inna na zaune bakin gado, tafinta a kan rakodar da ba ta gama hucewa ba.